Kuncin Babaji

Maiƙon ƙosai ne ya fara ɗaukar idona. Baba ya danne jaridar da babban yatsansa ya turo mini ita bisa tabarma, da ya ɗaga yatsan sai tabon ya zauna daidai kan kuncin Babaji a hoton da aka buga. Takardar ta yi shara-shara a wurin har ana hango rubutun bayanta.

"Karanta," ya ce. "Ai ke ce kika je Badun."

Haka Baba yake tuna mini da Badun duk ranar da ransa ya ɓaci. Ni ce Hadizatu, 'yar Malam Lawan, magatakarda a ofishin En'e na Potiskum. A shekarar da ake ta maganar Turawa sun kusa tattara kayansu na dawo daga jami'ar Badun, takardar digiri a ƙasan akwati, bakina kuwa yana nan yadda na tafi da shi, ba ya buɗuwa a gaban manya. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Masu karatu, idan kun ji na yi shiru a inda ya kamata in yi magana, kada ku yi mamaki, halina ne, kuma a wannan makon ya ci ni.

Babaji shi ne mai neman aurena, shi ne kuma shugaban Makaɗan Tasha. Su biyar ne, suna kiɗa a wata rumfa bayan tashar mota: mai ganga Bangizime, mai algaita Babole, mai kuntigi Bakarkare, Bubayaro Bafulatani da gogensa, sai Babaji da wata tsohuwar gita da wani direban Anaca, ɗan kudu, ya bar masa. Waƙa ɗaya sai ta ratsa harshe huɗu kafin ta dire a Hausa, kamar dai yadda ake ciniki a kasuwarmu. Wani Kwara daga Jos, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, ya ji su, ya kai su ya ɗauki muryarsu a faifan garmaho. Da faifan ya fito sai ga hotonsu a jikin ambulan, an rubuta: Waƙoƙin Ngizim na Gargajiya. Ba wanda ya tambaye su. Kwaran ya ce sunan ƙabila ɗaya ya fi shiga kasuwa.

Wannan hoton ne jaridar Hausa da ke zuwa mana daga Zariya ta buga, da sharhin wani mai kiran kansa Kunnen Dattijo. Na karanta a hankali.

"An ce mana waƙar Ngizim ce. Mun saurara, mun ji Hausar tasha, da Barbarci rabi, da gita irin ta gidan rawa. Muka duba hoton, sai muka ga shugabansu fuskarsa sumul kamar ƙwaryar da ba a yi wa zane ba. Mun san askar Ngizim, mun san ta Barebari, mun san ta Karekare. Wannan ɗan wa ne? Kiɗan da ba shi da uba, mai shi ma a tambaya."

Na ajiye. Inna tana bakin murhu ta juya mana baya, amma na ga ludayin ya tsaya a cikin kunun.

"Jiya a ofis," in ji Baba, "har masinja sai da ya karanta. Alƙali ya tambaye ni wai ko wannan ne surukin nawa."

"Baba, ai mutumin bai san shi ba."

"Ni na san shi? Na ce miki ba na ƙin makaɗi. Kakanki da kansa ya riƙe ganga a bikin kaka. Amma aure ba faifai ba ne da za a rubuta abin da aka ga dama a jikinsa. Ban ce a'a ba. Na ce ya zo mini da mutanensa. In dubi fuskarsu in san da wa nake magana."

Ya ɗauki hularsa dara, ya kaɗe ta a gwiwa, ya ja kekensa daga zaure. Na zauna ina kallon tabon.

Bari in gaya muku yadda tawa fuskar take, don za ku buƙace ta. Ina da tsaga uku-uku daga gefen baki zuwa kunne, irin ta gidanmu na Ngizim, irin ta Baba da yayana. Sai kuma wata gajeriya guda ɗaya a ƙarƙashin idon hagu, wadda ni kaɗai ce mai ita. Bayan yayana, kafin a haife ni, Inna ta binne 'ya'ya uku a jere, ba wanda ya kai yaye. Da na zo sai tsofaffi suka ce a ƙara mini wannan, ko mutuwa za ta ga an ɓata ni ta wuce. A gidanmu ba a zancenta. Ni ma ban taɓa gaya wa Babaji ba, ko da yake ita ya fi so. Yakan ce hawaye ne da ya ƙi sauka.

Saƙonninmu a allon sileti suke tafiya. Babaji yana ajin yaƙi da jahilci, ni na ba shi allon, Falmata matar yayana kuma tana sayar da fura a bakin tasha, sai ta kife shi a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta. A rubuta, a karanta, a goge da bakin zane. Tun lokacin da bai iya rubuta sunana ba yakan zana tsagata a saman allon, uku, uku, da gajeriyar nan, ya saba har bai daina ba.

Da azahar Falmata ta shigo ɗakina ta rufe labule.

"Mutuminki yau ko furar bai sha ba. Ungo."

A ƙarƙashin zanen ya rubuta: "Zo ki karanta mana."

Na sa atamfata shuɗiya mai ganye, na ja mayafi har goshi, muka bi ta bayan masallaci don kada mu ratsa ta gaban ofis. A rumfar na same su zaune kan benci, ba mai taɓa kayan kiɗa. Babaji yana sanye da farar taguwa, ya naɗe hannunta, jaridar a cinyarsa a ninke.

"Malama, sannu da zuwa," in ji Bubayaro. "Zo ki raba mu. Wannan rabin bawan nawa ya hana mu cin abinci."

Da yake uban Babaji Babarbare ne, Bubayaro ba ya barin wasan Fulani da Barebari ya wuce shi. Kullum Babaji yakan rama. Ranar bai ko ɗaga kai ba.

Na karanta. Da na zo kan layin ƙarshe sai na tsallake, na ninke takardar.

"Saura," in ji Babaji.

"Shi ke nan."

"Hadiza, na haɗa baƙaƙen da kaina tun safe. Na ga uba a ciki. Karanta duka."

Na karanta duka. Mai algaita ya tofar da yawu gefe. Mai ganga, wanda shi ne Bangizimen gaske a cikinsu, ya ce, "To ni da nake da askar, me ya sa bai tambaye ni ba? Ni na ce waƙar tana da daɗi. A rubuta masa haka."

"Zan rubuta masa," na ce. Ban san inda na samo ƙarfin ba. "Zan gaya masa ba ku kuka sa wa faifan suna ba. Zan gaya masa ya zo kasuwar Laraba ya tsaya a kara, ya ji ko da harshe ɗaya ake sayar da saniya. Kiɗanku kiɗan garin nan ne."

"Madalla da Malama!" in ji Bubayaro. "Ki ƙara da cewa kunnensa na dattijo ya toshe, ya zo in huda masa da izgar goge."

Suka yi dariya, ban da Babaji.

"Takarda za ta je Zariya ta dawo," ya ce a hankali, "fuskata tana nan yadda take. Babanki ya gani?"

Na sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka zo da mutanenka. Ya dubi fuskarsu."

Ya gyaɗa kai, ya shafa kuncinsa da bayan hannu. Bubayaro ne ya ba ni labarin sauran: Kwaran ya aiko cewa zai zo da mai hoto saboda faifai na biyu, kuma a wannan karon a zana wa Babaji tsaga da kwalli kafin a ɗauka, a rufe bakin 'yan jarida.

"Na ce masa ni zan zana," in ji Bubayaro. "In yi masa irin ta shanunmu."

"Ba na ƙarya da kwalli," in ji Babaji. Ya miƙe ya ɗauki gitarsa ya shige cikin tasha.

A daren na rubuta amsar, na gyara, na sake gyarawa, da safe na kai gidan waya. Amma na san ba Kunnen Dattijo ne zai ɗaura mini aure ba. Saboda haka ran Lahadi na ce wa Inna za mu gai da wata ƙawar Falmata, muka hau motar itace zuwa wani ƙauye a gefen Nangere, inda mahaifiyar Babaji take.

Inna Yelwa ƙaramar mace ce, baƙa, fuskarta cike da tsagar Karekare. Muka same ta tana sussukar gero. Hausarta irin ta mutanen ƙauyenmu ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Kai ne Hadizatu? Zauna. Ya ce kana da kunya. Na gani."

Ta ba mu ruwa a sabuwar ƙwarya. Na daɗe ina murza bakin mayafina kafin na iya tambayar abin da ya kawo ni. Ba ta yi fushi ba. Ta ajiye taɓarya ta zauna a kan turmin.

"Ubansa fatake ne, mai shanu, daga Borno. Ya mutu a hanya ina da ciki. Ran suna ƙanensa ya zo da wanzaminsa, ya ce ɗan Barebari ne. Yayana ya zo da nasa wanzami, ya ce wanda ya ci gero a gidan nan namu ne. Suka tsaya a tsakar gida, wannan da aska, wannan da aska, har aka zare sanda. Ni ina ɗaki ina ji. Na dubi yaron, fuskar ubansa ce sak. Ko hoto ba ni da shi na mutumin nan. Sai na goya shi na fita ta bayan danga. Na yi shekara biyu a Gashuwa ina daka wa mutane. Da na dawo ya wuce aska."

Ta dubi hannuwanta.

"Har yau in na yi kewar ubansa, sai in hau mota in je tasha. In ce na kawo masa gyaɗa."

Na gaya mata abin da Baba ya ce. Ban ambaci jaridar ba. Kaji suka fara tsattsagar geron, Falmata ta kore su.

"Tun ranar nan su biyun ba su sha ruwa a ƙwarya ɗaya ba," ta ce. "Baffansa yana zuwa kara duk Laraba. Yayana yana nan, ya tsufa. Zan durƙusa musu. Ka ce wa babanka Laraba bayan la'asar."

Masu karatu, a motar dawowa ban ji ramukan hanya ba. Na gaya wa Baba a daren, ina tsugune a bakin ƙofarsa, ya ce, "To. Allah ya kai mu." Har ya sa aka wanke babbar dardumar zaure.

Babaji kuwa na ɗauki allon na rasa abin rubutawa. In ce na je wurin mahaifiyarka ba da saninka ba? In ce na ji labarin da kai ba ka taɓa ba ni ba? Kunya ta rufe ni. Kuma ina so in ga fuskarsa idan ya shigo zaure ya tarar da su. Sai na rubuta: "Ka zo gidanmu Laraba bayan la'asar. Ka yi haƙuri zuwa lokacin."

Falmata ta dawo da amsa. Zanen tsagata a sama, ya fi na kullum kyau, kowane layi a miƙe kamar an gwada. A ƙasa: "To. Laraba." Ta ce ya roƙi a mayar masa da allon kada a goge. Na yi murmushi na mayar. Na ɗauka so ne.

Ran Laraba tun hantsi garin ya cika da kukan shanu da ƙarar motoci. Inna ta yi dambun nama da kunun tsamiya. Na sa leshina fari da na zo da shi daga Badun, Falmata ta ɗaura mini ɗankwali ta warware har sau nawa, tana cewa kaina kan 'yan boko ne, ba ya riƙe ɗauri.

Bayan la'asar suka iso. Ta jikin asabarin da ya raba zaure da tsakar gida nake leƙe. Baffan Babaji dogo ne, da babbar riga mai ruwan toka da tsagar Barebari har goshi. Kawunsa tsoho ne mai sanda, idonsa ɗaya ya yi fari. Suka zauna a kan darduma ɗaya, kowa yana kallon bango daban, amma sun zauna. Inna Yelwa ta rakuɓe daga bakin ƙofa, ƙwaryar goro a gabanta an rufe da faifai. Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan, na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Lale, lale," ya ce. "Ashe yaron da mutanensa. Ai da an faɗa tun farko."

Aka kawo ruwa. Baffan ya sha, ya yi jim, sannan ya miƙa wa kawun ƙwaryar. Tsohon ya karɓa. Inna Yelwa ta sa bakin zanenta ta goge ido.

Ana cikin gaisuwa Falmata ta taɓa ni ta baya. Daga tasha take, ko ƙwaryar furarta ba ta sauke ba, numfashinta yana fita sama-sama. Ta miƙo mini allon. Zanen yana nan, sai dai gefensa ya ɓaci da wani abu ja da ya bushe. An goge "To. Laraba," an rubuta: "Na ba su amsa."

"Tun safe ya tafi layin wanzamai," ta raɗa mini. "Wanzamin gidan nan ya kore shi. Sai ya sami wani baƙon wanzami da ya zo cin kasuwa, ya ba shi allon ya ce haka za a yi. Bubayaro ya riƙe masa riga har ta yage."

Sai na ji sallamar Babaji.

Ya shigo da rawani, shi da bai taɓa naɗi ba, ya rufe har hanci. Bubayaro yana bayansa, yau babu wasa a bakinsa. Daga hasken waje zuwa duhun zaure Babaji bai ga kowa ba sai Baba. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ce kana so ka dubi fuska ka san da wa kake magana."

Ya kama bakin rawanin ya warware. Ƙyallen ya manne a wani wuri, sai da ya ja.

Fuskar ta kumbura har idanunsa sun ƙanƙance. An cusa baƙin tukunya a cikin yankan, jini yana tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Uku a dama. Uku a hagu. Da gajeriya guda ɗaya a ƙarƙashin idon hagu.

Na riƙe asabarin.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ma ta tashi.

"Wa ya ba ka?"

"Ba wanda ya ba ni, Baba. Na zaɓa. Jarida ta ce ba ni da mutane. Na ce to mutanen Hadiza su ne nawa."

"Ukun nan ta ubana ce. Ana haihuwar mutum a cikinta, ba a saye a kasuwa." Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙarƙashin idon. "Wannan kuwa ba ta Ngizim ba ce. Ba ta kowa ba ce. Ta 'ya'yana ce guda uku da na haƙa wa rami da hannuna."

A bayana na ji Inna ta saki tasa ta faɗi.

"Baƙo ana ba shi aure," in ji Baba. "Na shimfiɗa darduma yau don in ba baƙo aure. Wannan da ke gabana ban san me ake ba shi ba."

Sai a lokacin Babaji ya juya. Ya ga baffansa, wanda ya riga ya fara laluben takalmi. Ya ga kawunsa yana tambayar Bubayaro, "Me ya faru? Me aka yi wa yaron?" don idonsa bai kai ba. Sannan ya ga mahaifiyarsa a bakin ƙofa.

"Inna?"

Ta taso ta zo gabansa. Tsayinta da shi a durƙushe kusan ɗaya ne. Ta kama haɓarsa da yatsu biyu, a hankali don kada ta fama, ta juya fuskar wajen hasken ƙofa. Ta duba dama. Ta duba hagu. Ta duba goshi, inda askar ba ta taɓa ba, ta daɗe a nan kamar mai neman abin da ya faɗa rijiya.

"Inna, zai warke," ya ce. "Wanzamin ya ce kwana kaɗan ne."

Ta sake shi. Ta goge yatsunta a zanenta. Ta dubi asabarin da nake bayansa, na tabbata ta san ina nan, ni da na ce mata ta zo. Na buɗe baki, masu karatu, wallahi na buɗe, ba abin da ya fito.

Ƙwaryar goron tana nan inda ta ajiye ta, ba a ko ɗaga faifan ba. Ta raɓa ta gefenta, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta fita.